Injin wa zai ɗauka?

Ina shekarata ta biyu a rumfar gyaran jirage na ci karo da zanen sabon jirgi mai farfela da kamfanin Embraer na Brazil ya ce zai ƙera, injinansa can baya kusa da wutsiya don ƙara ta ragu a kunnen fasinja. Cikin zumuɗi na miƙa wa maigidana wayar. Ya goge hannu da tsumma, ya duba, ya ce, "Yaro, ya yi kyau. Injin wa zai ɗauka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai za a samu." Bai tanka ba, ya koma ƙarƙashin fiffike.

Ƙarshen 2022 Embraer ya jingine aikin, don masu ƙera inji ba su kawo abin da yake nema ba. Jirgi mai farfela MA700 na China ma inji ne ya tsayar da shi, bayan Kanada ta hana a sayar masa da injin da ake ƙerawa a ƙasarta na kamfanin Pratt & Whitney. Ga jirgin Dash 8-400 na Kanada an dakatar da ƙera shi. Kusan filin jiragen fasinja masu farfela ya zama na ATR 72 na Turai shi kaɗai, jirgi mai kujera kusan 70 da ya fara tashi tun 1988.

Sai a bakin aiki tambayar maigida ta shige ni. Wani jirginmu ya yi mako uku a ƙasa, bakin injinsa a rufe saboda ƙurar hunturu, muna jiran wani ƙarfe da bai cika tafin hannuna ba. Lafiyar jirgin ƙalau, sai wannan ɗan ƙarfen. Kullum na wuce shi sai raina ya sosu, don na san akwai mutanen da suka koma bin mota a hanyar da ba su yarda da ita ba.

Shi ya sa D328eco na Jamus ya fi kwanta mini a rai. Tsohon Dornier 328 ne aka ƙara wa tsawo ya kai kujera 40, aka ba shi PW127XT, dangin injin da ke kan ATR, wanda makanikai suka riga suka san halinsa. Gajeriyar tafiya irin ta Yamai zuwa Damagaram, ko Abuja zuwa Gombe, farfela ta fi jet tattalin mai, kuma kujera 40 ta fi 70 saurin cika. Ina fatan ya fito. Ranar da wakilan masu ƙera shi suka zo talla, zan tambaye su inda rumbun kayan gyaransu yake a Afirka, da kwana nawa kaya ke yi kafin su iso Kano.