Tsigar furfura: dalilin da ya sa na ajiye hantsaki

Matan da ke zuwa kitso wurina a Ƙofar Marusa, da na gama tsifa sai in ji: "'Yar nan, duba mini gaban goshi, ki cire fararen nan." Na daɗe ina cirewa da hantsaki. Yanzu na daina, amma ba don ana cewa in an tsige ɗaya goma za su fito ba. Wannan magana ba ta da tushe. Kowane gashi da raminsa, kuma a cikin ramin ake yi masa launi. In ƙwayoyin da ke ba shi baƙi suka gaji, sai ya tsiro fari. Tsige shi ba ya taɓa maƙwabtansa.

To me ya sa ake ganin sun ƙaru? Wanda aka cire zai dawo, fari kamar dā, gajere, a tsaye cak saman kitso. Gashi na tsawon kusan santimita 1 a wata, don haka ya daɗe yana tsone ido. Kafin nan na kusa da shi su ma lokacinsu ya yi.

Ainihin ɓarnar a ramin take. Gashinmu murɗaɗɗe ne, sabon tsiro kan lanƙwashe ya koma cikin fata, ya yi ƙurji mai ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya, ya bar baƙin tabo. In aka yi ta tsigar wuri ɗaya shekara da shekaru, ramin na iya mutuwa. Na ga gefen goshi ya zama fili sumul, ga jan kitso ga hantsaki, babu man da ya dawo da shi. Ga kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na hana tsige furfura, domin haske ce ga Musulmi.

In Hajiya ta matsa, ƙaramin almakashi nake sawa in datse daidai fata, ba ja. In suna da yawa, sai lalle: in tankaɗe shi, in kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami ya yi kaurin kunu, ya kwana a rufe. A shafa kan wankakken gashi marar mai, domin mai na hana shi kamawa, a ɗaure da leda awa 2 zuwa 3. Furfurar za ta koma ja.

Baƙin dayis kuwa ina tsoronsa. Sinadarin da ke cikinsa na kumbura wa wasu fatar kai har da fuska. Wadda ta nace, ta ɗiga kaɗan a bayan kunne ta jira awa 48.

Furfurar da ke fitowa da wuri yawanci gado ce. Amma in ta zo wa yarinya tare da kasala ko zubar gashi, asibiti nake tura ta, a auna jini, domin ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo suna kawo ta.