Hirar masu tsohon ciki a layin awo

A duk inda ake awon ciki a Kebbi, daga asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi har ƙaramin asibitin ƙauye a Suru ko Shanga, awo biyu ake yi. Ɗaya a ɗakin Malama, da tef da abin gwada hawan jini. Ɗayan kuwa a kan benci, tun kafin a kira suna. Mai haihuwa ta shida za ta dubi ƙafar mai cikin fari ta ce, "Ƙanwata, wata nawa?" Kafin layi ya motsa an san wadda ba ta barci, da wadda tuwo ya daina zama mata, da wadda maigidanta ya tafi ci-rani. A rabu da "Allah shi sauke mu lahiya."

Ban raina wannan hira ba ko kaɗan. Yarinyar da kunya ta hana ta tambayi mahaifiyarta, balle uwar miji, a nan take sakin baki, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai dai akwai magana guda da ta fi kowace yawo a bencin: "Ba komai, ni ma haka na yi." Galibi gaskiya ce. Wani lokacin kuma ita ce ke zaunar da mace a gida ranar da ya kamata a ce tana kan gadon asibiti.

Ƙwannafi shi ne kukan kowa daga wata na bakwai. Sinadaran da jiki ke fitarwa saboda cikin suna sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, ga mahaifa ta taso ta tokare tumbin daga ƙasa, sai ruwan tsami ya riƙa hawowa ƙirji. Maimakon ki cika ciki sau uku, raba abincin gida biyar ko shida. Rage yaji da soyayyen abu, ki bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ki kuma tada kai da ƙirji da matashi biyu. In bai lafa ba akwai farin maganin ruwa da ake bayarwa a wurin awo, amma a raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa biyu, don yana hana jiki tsotse ta. Abin da za a gaya miki a benci shi ne ki jiƙa kanwa ki sha. Tana aiki cikin 'yan mintuna, shi ya sa aka yarda da ita. Matsalarta, cike take da irin gishirin da ke tara ruwa a jiki ya tayar da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙar yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mace mai tsohon ciki zuciyarta na harba jinin da ya ƙaru da kusan rabi, ba ta bukatar ƙarin kaya.

A kan kumburi ne aka fi yin kuskure, saboda iri biyu ne masu kama da juna. Akwai na ƙafa, wanda ke tasowa da yamma bayan an yini a tsaye ko a zaune wurin surfe da girki, takalmi ya ƙi shiga, da safe kuma ya sace. Wannan nauyin mahaifa ne ya danne jijiyoyin da ke mayar da jini sama, kuma zafin watan Maris zuwa Mayu, da kan wuce maki 40 a Birnin Kebbi, yana ƙara shi. Ki ɗora ƙafa a kan matashi minti 20 sau biyu ko uku a yini, ki riƙa ɗan zagayawa, kada kuma ki rage shan ruwa da nufin kumburin ya sauka, ba ya sauka da haka. Ledar ruwa rabin lita ce. Ki sha biyar ko shida a yini, da bazara a ƙara.

Na biyun kuwa shi ne wanda aka tashi da shi da safe, fuska ta cika, idanu sun ƙanƙance, zobe ya ƙi fita. Abin takaici, shi ne ake yi wa barka: "Ciki ya karɓe ki, kin yi ƙiba." In ya zo da ciwon kai mai tsanani wanda farasitamol bai taɓa shi ba, ko gani dishi-dishi, ko walƙiya a ido, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to hawan jinin masu ciki ne, kuma jijjiga ke biye da shi. Ba a kwana da wannan. Ya fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta haura 35 ko 40, da wadda ta taɓa yi a baya. Sau da yawa ma ba ya nuna alama, sai abin gwaji ya tona shi. Saboda haka duk ranar awo ki tambayi Malama lambar da ta samu, kada ki tsaya ga "lafiya lau". In ta kai 140 a kan 90, a gwada fitsari a ga ko akwai furotin. Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura, ta yi zafi da ja, ita ma ba ta tausa ba ce, jini ne kan daskare a jijiya.

Rashin barci, yawan fitsari, ciwon ƙugu da na mara, waɗannan kam sai haƙuri da 'yan dabaru. Daga mako na 28 a kwanta a gefe, da matashi tsakanin gwiwoyi. Kwanciyar rigingine tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, uwa ta ji jiri, ɗa ya samu ƙarancin jini. In kin farka kin ga kanki a rigingine, juyawa kawai za ki yi, ba abin tashin hankali ba ne. Ɗaurewar sharaɓa da tsakar dare, miƙe ƙafar ki janyo yatsun wajen gwiwa, za ta saki. Ciwon jiki kuma farasitamol ne nasa, ƙwaya biyu, kada a wuce takwas a yini. Ibuprofen da diclofenac da haɗin da ake ƙullowa a kemis suna taɓa ƙodar jariri da jijiyar zuciyarsa a ƙarshen ciki. Fitsari mai zafi, musamman da masassara ko ciwon kwiɓi, ba yawan fitsarin ciki ba ne, ciwon sanyi ne da kan tayar da naƙuda kafin lokaci, a je a gwada.

Jar ƙwayar ƙarin jini ta sha zagi a benci. Wai tana sa ɗa ya yi girma a kasa haifarsa. Ba ta sa ɗa ƙiba. Abin da take yi na gaskiya shi ne baƙanta bayan gida, taurara shi, da ɗan tayar da zuciya. Sha da dare bayan abinci yana rage tashin zuciyar, ruwa da zogale da rama da gwanda suna sassauta cikin, basir ma ya lafa. Kada a kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki. Ruwan lemun zaƙi ya fi. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita zai iya kayar da ita. In kin ji 'yar'uwa na kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ko tana haki daga ɗaki zuwa madafi, ki duba cikin idonta da tafin hannunta. In sun yi fari, raka ta a auna jininta.

Mu da ke zaune gefen fadamun shinkafa, daga Argungu zuwa Bunza da Yauri, ba sai an ba mu labarin sauro ba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya wajen zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙananan yara, kusan rabinsu, kuma a nan da Bayelsa aka fara allurar rigakafinsa ga yara a Disamba 2024. Ga mai ciki, ƙwayar cutar na iya ɓuya a mabiyiya ba tare da masassara ba, tana cin jinin uwa tana tauye ɗa. Shi ya sa ake ba da ƙwayoyi uku na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, a sha a gaban Malama, daga wata na huɗu, wata guda tsakani, aƙalla sau uku kafin haihuwa. A ƙulle su a bakin zane a tafi da su gida, asara ce. Gidan sauro kuma kowane dare, har da daren da zafi ya kori kowa tsakar gida.

Maganar da na fi so a daina yaɗawa ita ce wai ɗa yana rage motsi in haihuwa ta matso. Salon motsin ne ke sauyawa saboda wuri ya yi masa kaɗan, shuri ya koma miƙa da juyi, amma yawansa ba ya raguwa. Kowace uwa ta san lokutan da nata ke tashi. Ranar da kika ji shiru, ki sha ruwa, ki kwanta a gefen hagu ki ƙirga. In awa biyu ta wuce bai kai goma ba, ko kuwa zuciyarki dai ba ta kwanta ba, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Masu azumi su lura da wannan sosai: jiri, fitsari kaɗan mai duhu, ko raguwar motsi, dalili ne na buɗe baki, kuma shari'a ta ba mai ciki damar ta sha ta rama daga baya.

Lissafin wata ma na tayar da hankali a banza. Ciki mako 40 ne, kwana 280 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Da watannin Musulunci wannan wata tara da rabi ne, don haka wadda ta ce "na shiga na goma" ba ta makara ba. Daga mako 37 ɗa ya isa haihuwa. In an kai 41 shiru, a koma a duba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau takwas, kuma huɗun ƙarshe a jere suke: mako 34, 36, 38, 40. A na 36 ake tabbatar da kwanciyar ɗa. Uku ko huɗu cikin ɗari ba sa juyo da kai ƙasa, irinsu da wadda aka taɓa yi wa aiki ba su da haihuwar gida.

Sai batun zaƙi. Da ciki ya tsufa za a fara kawo jiƙe-jiƙe, wai a wanke zaƙin da ke tare hanya. Farin ruwa mai ɗan yauƙi marar wari da ƙaiƙayi, al'adar ciki ce, babu abin wankewa. Haɗarin shi ne faya ta tsage tana ɗiga kaɗan-kaɗan, a ce zaƙi ne ke fita, a ƙara kofi. Ruwan faya tsararo ne, ba a iya riƙe shi, yana jiƙa zane a kai a kai. Da an gan shi a tafi, in ya yi kore a gaggauta. Wasu saiwoyin kuma suna murɗa mahaifa ba awo, kamar yadda allurar naƙuda a hannun wanda bai iya ba ke fasa ta. Naƙudar ƙarya ciki ne ke ɗaurewa ya saki ba tsari, in an sha ruwa an sauya kwanciya ta lafa. Ta gaskiya daga ƙugu take tasowa ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazarar na raguwa. Mai cikin fari da ke cikin gari ta tashi in ya koma duk minti biyar na tsawon awa guda. Mai haihuwa da yawa, ko wadda sai ta hau kwale-kwale ko ta bi hanyar da damina ta cinye, ta tashi tun farkon ciwon. Jini kuwa, komai ƙanƙantarsa, kada ungozoma ko kowa ya sa hannu, don mabiyiya na iya kasancewa a bakin mahaifa. Naƙudar da ta wuce awa 12 a gida, da yankan gishiri, su ne hanyar da ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi.

Inda zumuncin benci ya fi amfani shi ne abin da asibiti ba ya yi wa kowa. Mata huɗu ko biyar 'yan unguwa ɗaya masu kusan wata ɗaya su karɓi lambar juna, su yi ɗan adashin da ba a taɓawa sai ranar naƙuda. A riƙe lambar direba biyu, don ɗaya kan kashe waya. A san rukunin jinin kowace, a kuma tsayar da 'yan'uwa biyu da za su bayar in an nema. Uwargida ko faccala mai baki ta taya neman izinin maigida tun yanzu, izini sake, cewa ko ba ya gari a wuce da ita, domin jiran a same shi a waya ya cinye awoyi masu tsada a gidaje da yawa.

Mai tafiya goyon ciki gidan iyaye ta tafi kafin mako 36, da katin awonta a hannu, ta je asibitin can a san da ita tun kafin ciwo ya zo. A jaka a sa zannuwa uku ko huɗu wankakku, audugar mata, sabulu, hula da kayan jariri, tocila, da man cibiya na chlorhexidine, wanda shi kaɗai za a shafa, ban da man goge baki, ban da toka, ban da gashi da tsumma. In an ba ki ƙwayoyi uku na misoprostol, maganin hana zubar jini bayan haihuwa, saboda ko haihuwa ta riske ki a gida, ki nuna su ga wadda za ta zauna da ke, ki faɗa mata da bakinki: bayan ɗa ya faɗo ake sha, kuma sai an shafa ciki an tabbatar babu na biyu.