Talata a teku: goran wutsiya na bakwai ya ƙi nutsuwa

Da na karɓi aiki ƙarfe shida na safe, wanda na canza ya nuna mini allon kwamfuta da haɓa, ya ce in sa ido a kan goran wutsiya na bakwai, ya wuce ya kwanta. Muna can kudu da gaɓar Neja Delta, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000, kuma damina ta kankama, raƙuman ruwa suna ta turowa daga kudu maso yamma. Jirginmu yana jan kebul goma a baya, kowanne tsawon kilomita 8, tsakaninsu mita 100, yana tafiyar da ba ta wuce kilomita 9 a awa ba. Duk bayan mita 25 bindigogin iska su saki ƙara cikin ruwa, ƙarar ta ratsa duwatsun ƙarƙashin teku ta dawo, na'urorin saurare da ke jere cikin kebul ɗin su ɗauka. Da irin wannan aiki ake zana hoton abin da ke ƙasa kafin a kashe maƙudan kuɗi a haƙa rijiyar mai, kamar yadda aka yi a filayen mai na Bonga da Agbami da Egina.

A ƙarshen kowane kebul akwai goran wutsiya, wani abu mai launin ruwan ɗorawa da ke shawagi, girmansa bai kai na ƙaramin kwale-kwale ba. A kansa akwai eriyar GPS, da fitila mai walƙiya, da ƙarfen da ke sa radar jirage ta gan shi, da batir. Ga mai kallo daga nesa tarkace ne kawai. Amma shi ke gaya mana inda ƙarshen kebul yake a kowace daƙiƙa.

A binciken tudu, irin wanda aka yi a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, ana kafa na'urar saurare a ƙasa, a auna wurinta, ta zauna nan har a gama. A teku kuwa kunnen kansa tafiya yake yi. Ruwa yana jan kebul gefe, kuma karkatar digiri 5 kacal a kan kilomita 8 tana kai wutsiya kusan mita 700 daga layin da jirgi ke bi. Karkatar ba laifi ba ce, in dai an san iyakarta. Abin da ke ɓata aiki shi ne a ɗauki sauti ba a san daga ina aka ɗauke shi ba, don a ƙarshe za a zana dutse a inda babu shi.

Na bakwai dai sai ya ba da matsayi na minti biyu ko uku, ya ɗauke, ya dawo. Da ya dawo kuma sai ka ga ɗigonsa a allo yana kai-komo dama da hagu, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Sauran tara suna tafiya sumul cikin ruwa ɗaya da iska ɗaya, don haka ba yanayi ba ne. Masu sarrafa bayanai su ma suka aiko cewa na'urorin saurare na ƙarshen kebul ɗin sun cika da hayaniya. Tsakanin kebul da gora akwai wani sashe mai talewa da aka sa don ya shanye fizgar ruwa, to fizgar ta fi ƙarfinsa, tana gangarowa cikin kebul.

Abu uku ke riƙe da gora a tsaye, kuma duk a ƙarƙashin ruwa suke, inda ido ba ya gani. Nauyin da ke gindinsa shi ke miƙar da shi in igiyar ruwa ta kwantar da shi. Faffaɗan ƙarfen da ke ƙasa yana hana shi juya kai. Sai inda aka ɗaura igiyar ja, wanda a ganina ya fi sauran wuyar sha'ani: in ya yi ƙasa da yawa hancin gora ya riƙa nutsewa, in ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, gora ya riƙa yanka gefe. Da zarar ya kwanta, eriya ta daina kallon sama ko ruwa ya rufe ta, tauraron ɗan'adam ya ɓace mata.

Shugaban aiki ya so mu ƙarasa layin tukuna, tunda kamfas ɗin da ke jikin tsuntsaye, wato na'urori masu fiffike da ake maƙala wa kebul duk bayan mita 300 don riƙe zurfinsa, suna ba da kwatance, haka ma na'urorin auna tazara da sauti. Ban musa ba, amma lissafi ne da ba shi da turke a ƙarshe, kuskurensa yana ƙaruwa ne yadda kake nisa da jirgi. Wakilin kamfanin da ya ba da kwangila ya duba alƙaluman, ya ce sashen ƙarshe ba zai karɓu ba. Magana ta ƙare.

Sai da babban jirgi ya fara shan kwana aka saukar da ƙaramin jirgi. Kwana da kebul mai wannan tsawo awanni take ci, ita ce damar gyara. Na sallaci azahar kafin mu sauka, sai da na leƙa kamfas sau biyu don alƙibla tana ta zamewa.

Mai tuƙa ƙaramin jirgin wani dattijo ne daga zangon Takoradi ta Ghana, Hausarsa garau. Tun kafin mu iso ya ce, "Injiniya, duba yadda yake ɗaga kafaɗa ɗaya. Wani abu ya riƙe shi ta ƙasa."

"Baba, ko dai kififiya ce?"

"Allah ya kiyaye, ɗana. Sai mun gani."

Tsoron yana da dalili. A tekun Afirka ta Yamma an sha samun kififiyar teku ta maƙale tsakanin ƙarafan gindin gora, ruwa ya danne ta har ta mutu, shi ya sa aka fara walda wa goruna sandunan kariya ta gaba. Namu duk suna da su. Alhamdulillahi ba ita ba ce. Guntun koma ne na masunta da igiyarsa, ya naɗe a gefe ɗaya na ƙarfen ƙasa, ya kwaso ledoji da rassan itace da koguna suka amayo. Ƙarƙashin wannan kuma ƙwarin nan masu ɓawo da ke manne wa duk abin da ya daɗe a ruwan ɗumi sun yi dandazo, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Baba ya riƙe jirgi daidai da tafiyar gora, wanda ba ƙaramin gwaninta ba ne cikin irin wannan ruwa, mu biyu muka yanke koma da wuƙa, muka kankare ƙwarin iya inda hannu ya kai. Ina cikin yi ruwa ya shiga mini ta wuyan riga har ƙugu.

Muna janye guntun ƙarshe gora ya miƙe. Ta rediyo suka ce matsayinsa ya dawo kuma ya zauna. Tunda mun riga mun fito, muka biya ta na shida da na takwas, muka canza fitilar ɗaya.

Da la'asar masu lura da dabbobin ruwa suka gama dubansu, ba su ga kifi whale ko dolfin cikin mita 500 ba, aka fara tayar da bindigogi a hankali na minti 20 kamar yadda ƙa'ida ta ce, muka hau sabon layi. Sashen da aka ƙi karɓa da safe an sa shi cikin jerin waɗanda za a maimaita, sai ranar da jan ruwa ya yi daidai da na layin da ke maƙwabtaka da shi. Na rubuta a littafin aiki cewa a duba sauran goruna bakwai idan jirgi ya sake shan kwana, in ruwa ya bari, don hasashen gobe ya nuna iska za ta ƙaru. Ƙarfe shida na miƙa aiki, na je na nemi shayi mai zafi.