Inda na kai da nazarin jawabin Tinubu na Abeokuta

Salamu alaikum ƴan uwa masu koyon feɗe jawaban ƴan siyasa. Kwanakin baya kirari da maimaita kalma na tsaya a kai, yanzu kuma na koma kan jawabin da Tinubu ya yi a Abeokuta farkon watan Yuni 2022, ana saura ƴan kwanaki firamare na APC, wanda kowa ya sani da emi lo kan, wato layi ya zo kaina. Da yake da Yarbanci ya zuba shi, wani abokina Bayerabe mai gyaran waya nan Birnin Kebbi ya riƙa fassara min ina rubutawa, mu tsayar da bidiyon mu koma baya mu sake, har sai da ya ce malam kai fa ka hana ni aiki.

Sabon abin da na ƙara cikin tsarina shi ne kafin in ja layi ƙarƙashin kowace jimla sai na rubuta a saman takarda, wai da wa mutumin ga yake magana? A gabansa dai deliget ɗin Ogun ne zaune, amma ku tuna Ogun jihar Osinbajo ce kuma shi ma tikitin yake nema, tsohon gwamnan jihar Ibikunle Amosun ma haka, ga kuma raɗe-raɗin cewa Villa na da nata ɗan takara. Da na sa wannan a rai sai jawabin ya buɗe min, ashe gori ne tun daga farko har ƙarshe. Ya ƙirgo faɗuwar Buhari ɗaya bayan ɗaya, ta farko ta biyu ta uku (2003, 2007 da 2011 ke nan), sannan ya ce da hannunsa aka ci a 2015, bai tsaya nan ba ya juya kan gwamnan Ogun Dapo Abiodun yana zaune a wurin ya ce ba don shi ba da bai hau kujerar ba. Ku lura da ƙirgen nan, kowace faɗuwa da ya ambata ƙara nauyin bashin take yi, kafin ya zo kan neman a biya shi. Ba titi ko lantarki ya je tallatawa ba, bashi ya je bi.

A wurinmu gori abin kunya ne, shi ya sa mutane da yawa nan arewa suka ji haushi, amma ni a ganina lissafi ne ba ɓacin rai kawai ba. Bayan ƴan kwanaki gwamnonin APC na arewa suka ce mulki ya koma kudu, lokacin Bagudu namu na Kebbi ke shugabantar gwamnonin jam'iyyar, Tinubu kuma ya ci firamare da ƙuri'a 1,271. Kada dai ku rubuta cewa jawabin ne ya jawo haka, jerin abin da ya faru kawai na kawo.

Na gaba jawabin Kwankwaso na Hausa zan ɗauka don in huta da neman tafinta, kuma zan riƙa sa alama duk inda jama'a suka yi ihu. Wanda ke da cikakken bidiyo ba guntun TikTok ba ya taimaka ya turo min.