Darussan da na koya a aikin zoben matsi

Tunda na ajiye aikin shago, bari in bar wa ƴan'uwa maƙeran fari abin da na tsinta game da zoben matsi, wanda ake ɗaura dutse a tsakanin bakinsa biyu ba tare da farata (ƴan ƙarafan da ke kama dutse) ko kwanon da ke kewaye shi ba. Kamfanin Niessing na garin Vreden a Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1979. Masu saye na sonsa domin haske na shiga dutsen ta ko'ina, sai ka ga lu'ulu'u kamar yana tsaye a iska.

Babban darasi shi ne, wannan zobe ba a sa masa wuta bayan an gama shi. Abin da ke riƙe dutsen ƙarfin jikin ƙarfen ne, domin zoben gaba ɗayansa sifirin ne da ke neman rufewa, dutse ya tare shi. Wannan tauri kuwa da wahala ake samunsa: a daka ƙarfen a murza shi yana sanyi har ya ƙi lanƙwasuwa, ko a gasa gaurayen ƙarfe na musamman a tanda bisa awo. Da zarar an yanka ƙasan zoben don a rage shi ko a ƙara, aka kai harshen wuta don a liƙe, wurin ya yi ja, to taurin ya tafi. Zinariya mai karat 18 tana saki tun zafi na wajen digiri 700. Abin haushin, ido ba ya gani. Zoben zai fito yana walƙiya, dutse na zaune daram, sai an yi makonni hannu ya bugi ƙofar mota ko bakin tukunya, a duba a ga gurbi wayam.

A nan ne ake zaluntar yaran benci, wato masu aikin ƙira a shago. Maigida yana gaban kanta, Hajiya ta ce zobe ya yi mata yawa, ya ce "Ranki ya daɗe, ki dawo bayan la'asar." Ma'aikaci ya ce wannan ba ya gyaruwa, a ce masa ya cika tsoro. Ranar da dutse ya ɓace kuma, sunan wanda ya riƙe awartaki ake kira, har a taɓa albashinsa. Duk wanda aka ba irin wannan aiki ya nemi a rubuta umarnin a takardar karɓar kaya. Gyaran da zoben ke ɗauka ɗan kaɗan ne: a kankare cikinsa kaɗan in ya matse, ko a ɗiga ƙananan ƙwayoyi biyu a ciki da waldar lesa in ya yi yawa. Wanda ya wuce haka, sabon zobe ne, kuma a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Shi ya sa, tunda yatsa kan kumbura, ake auna shi da yamma, da ma'auni mai faɗin zoben da za a ƙera, a kuma tambayi mace ko tana da juna biyu.

Sai gurbi. Lu'ulu'u zagayayye mai nauyin karat ɗaya faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, amma kada a dogara da takarda, a auna shi ta ɓangarori da dama. Ratar da za a bari ta gaza faɗin dutsen kaɗan. A kowane baki ana yanka ƴar tsaga mai zurfin da bai kai rabin milimita ba, daidai da ƙugun dutsen, wato gefensa mafi faɗi. Tsagogin nan biyu dole su kalli juna, tsayi ɗaya, kwana ɗaya. In ɗaya ta karkace, nauyin matsin duka zai taru a ɗigo guda, kuma lu'ulu'u duk taurinsa yana da jijiyar tsagewa, sai ka ji ƙas, gefe ya ɓalle. Wajen buɗe bakin a saka dutse, a buɗe iya abin da zai shige kawai, sau ɗaya. In aka zarce, ƙarfen ba ya komawa yadda yake.

Ba kowane dutse ke jure matsi ba. Lu'ulu'u yana 10 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, yaƙutu da safaya suna 9, su ne na wannan aiki. Safayar Mambila ma ta yi, in an duba ta da madubi mai ƙara girma sau 10 ba a ga tsaga ta kai ƙugu ba. Zumurrudu cike yake da tsage-tsage, a bar shi a farata. Dutse mai siririn ƙugu ma a mayar wa mai shi.

Gwal mai karat 21 da 22 da matanmu ke ƙauna, na Dubai da na Saudiyya, ya yi laushi, ba ya riƙe matsi. Azurfa ma haka, saboda haka namijin da ba ya sa zinariya sai filatinom ko taitaniyom. Zoben zubi mai ramukan iska a ciki yakan tsage daga ƙasa. Jikin zoben ya zama mai kauri, wanda ke neman siriri a nuna masa wani. Akwai kuma mai gada a ɓoye ƙarƙashin dutse, wanda kamannin matsi kawai gare shi. Shi yana ɗaukar gyaran girma, aiki ne mai kyau, amma a sayar da shi da sunansa da kuɗinsa.