Na je neman tabarau, aka gano hawan jinin ido

Ina da shekara 46 lokacin da na lura cewa sai na miƙe hannu, na nesanta waya daga fuskata, kafin in iya karanta saƙo. Ban ɗauki abin da zafi ba, domin yawancin sa'annina haka suke yi, kuma an san cewa bayan shekara 40 madubin cikin ido yakan fara tauri, ya kasa daidaita kansa ga abin da ke kusa. Niyyata in karɓi tabarau na karatu in koma bakin aikina. Rabona da a duba mini ido kuwa tun ina ɗalibi.

Gwajin farko ya ƙara mini ƙwarin gwiwa, domin daga nisan mita 6 na karanta haruffan allo har layin ƙasa, aka rubuta mini 6/6 a kowane ido, wato ganina na nesa daidai yake. Ina shirin miƙewa likita ta ce saura awon matsin ruwan ido. Ta ɗiga mini maganin da ke kashe jin taɓi, ta sa wani ruwa mai launin rawaya, na ɗora haɓata a kan na'ura, sai wani ɗan tsinke mai shuɗin haske ya matso a hankali ya taɓa ƙwayar idona. Na dama ya nuna 19, na hagu 28, alhali a yawancin mutane awon yana tsakanin 10 da 21.

Daga nan aka sa ni gwajin faɗin gani, wanda har yau shi ne ya fi tsaya mini a rai. An rufe mini ido ɗaya, na zura fuska cikin wani farin ƙoƙo, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske ya gilma ta gefe. Da idon hagu, akwai lokutan da na yi shiru ina jira, ina zaton na'urar ce ta tsaya. Da takardar ta fito sai ga baƙin tabo a sashen sama, daidai wurin da hasken ya yi ta walƙiya ban gani ba.

"Malam, akwai wanda ya rasa ganinsa a danginku?" in ji likita. Na ce mahaifinmu ya makance a hankali, amma mun ɗauka tsufa ne. Ta girgiza kai, sannan ta yi mini bayanin glakoma, wadda muke kira hawan jinin ido, ko da yake sunan yana ruɗar mutane, tunda ba jini ne ke hauhawa ba. Ido yana samar da wani ruwa a kullum, yana kuma fitar da shi ta wata siririyar magudana. Idan magudanar ta ƙi jan ruwa yadda ya kamata, matsi yakan ƙaru, ya riƙa kashe zaren jijiyar gani, waɗanda sun kai kimanin miliyan ɗaya a kowane ido. Ganin gefe ne yake fara tafiya, babu zafi, babu ja, ɗayan idon kuma yana cike giɓin, shi ya sa mutum zai yi shekaru yana karanta allo daidai alhali ana yi masa ɓarna. Ta ce cutar ta fi kama baƙar fata da masu tarihinta a dangi, kuma takan same su da wuri.

Na tambaye ta ko aiki zai dawo da abin da na rasa, kamar yadda ake yi wa masu yanar ido, a cire madubin da ya yi hazo a sa na roba, gani ya dawo. Ta ce a nan ne suka bambanta, domin jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa, abin da ya rage kawai ake karewa.

Kuskuren da na yi bayan haka nawa ne ni kaɗai. An ba ni maganin ɗigawa sau ɗaya kowane dare, na yi wata biyu ina sawa, da na ga ban ji wani sauyi ba sai na fara tsallake kwanaki. Da na koma, awon ya sake hawa. Likita ba ta yi faɗa ba, ta dai ce maganin ba don in ji sauƙi ba ne, tunda dama ba na jin ciwo. Ta sake koya mini yadda ake sawa: ɗigo ɗaya, in rufe ido, in danne lungun da ke kusa da hanci na minti biyu don kada maganin ya zurare cikin hanci. Ta kuma hana ni sayen maganin ido da kaina, musamman mai sinadarin sitiroyid, wanda shi kansa yana iya ɗaga matsin.

Na kira ƙannena uku na gaya musu su je a auna su. Biyu sun je. Ƙanwata mai ciwon sukari aka ce ta riƙa zuwa duk shekara a buɗa mata ido da magani a duba jijiyoyin jinin bayan ido. Na ukun yana cewa yana gani garau, ni kuma ina ci gaba da kiransa. Tabarau ɗin da na je nema sai a zuwa na uku na tuna na karɓa.