Laraba a Jos: ƙulli, zare da littafin Kawu

Sanyin Jos ya tashe ni yau tun kafin kiran sallar asuba, kuma da tambayar da Kawu ya yi mini shekaranjiya a kasuwar Farin Gada na farka. Kawu dillalin dankalin turawa ne. Manoma daga Bokkos da Mangu suna kawo masa kaya, shi kuma yana haɗa su da fatake masu lodi zuwa Kano da Fatakwal da Legas. Wata uku ke nan ina ƙoƙarin mayar da littafinsa na lissafi ya zama ƙaramar manhaja, wanda shi ne aikina na farko tun da na fara koyon sana'ar rubuta manhaja. Abin da ya ce mini shi ne: "Ɗana, idan mai saye ya bugo daga Fatakwal ya ce buhu goma sun ruɓe, na'urar taka za ta iya gaya mini gonar da suka fito, da direban da ya ɗauka, da duk wanda ya sayi kayan gonar a makon nan?"

Na amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa za ta iya, amma kwana biyu na yi ina fama. Na gina rumbun bayanan ne a tsarin jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tushensa a 1970, kuma da harshen SQL ake yi masa tambaya. Manoma suna da jadawalinsu, direbobi da nasu, masu saye da nasu, ciniki da nasa, kuma lamba ce kawai take haɗa wannan da wancan. Kafin in amsa tambayar Kawu sai da na ɗinke jadawalin nan huɗu da umarnin JOIN, tambayar ta cika fuskar kwamfuta, har ni da na rubuta ta na kasa gane inda kuskure ya shiga lokacin da sunan manomi ɗaya ya fito sau huɗu.

Da hantsi na hau keke zuwa cibiyar da muke karatu, na nuna wa malaminmu aikin. Ya duba na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini alƙalamin allo ya ce: "Rufe kwamfutar, zana mini yadda buhu ɗaya yake tafiya daga gona zuwa Fatakwal." Na zana da'ira na rubuta manomi, na ja kibiya zuwa dillali, wata zuwa direba, wata zuwa mai saye. Ya ce abin da na zana shi ne graf, kuma akwai rumbunan bayanai da suke adana shi yadda yake a kan allon, ba tare da an yanka shi an zuba a jadawali ba. A da, duk lokacin da na ji kalmar graf, zanen hawa da sauka na darasin lissafi nake tunawa, ashe a nan ma'anarta daban ce. Kowace da'ira ƙulli ce, kowace kibiya zare ce, kuma zaren yana da sunansa da inda ya fuskanta da bayanan da yake ɗauke da su, kamar farashi ko kwanan wata.

Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1736 masanin lissafi Leonhard Euler ya duba gadoji bakwai na birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, domin sanin ko mutum zai iya haye kowace gada sau ɗaya tak. Ya watsar da tsawon tituna da fasalin gari, ya bar yankunan ƙasa huɗu da gadojin da suka haɗa su, ya nuna cewa hakan ba zai yiwu ba, domin duka yankunan huɗu adadin gadojinsu mara ne, wato ba ya rabuwa biyu daidai. Ni kuwa nan take isnadin hadisi ya faɗo mini a rai, yadda aka koya mana a Islamiyya cewa Malik ya karɓo daga Nafi'u, Nafi'u daga Ibn Umar. Kowane mai ruwaya ƙulli ne, "ya karɓo daga" kuma zare ne, kuma malaman wannan fanni sun daɗe suna auna ƙarfin zaren da kansa, ko wane ya haɗu da wane ko bai haɗu ba.

Bayan azahar na sauke Neo4j, wani rumbun bayanai irin na graf wanda asalinsa daga Suwidin yake, na fara gwada harshensa mai suna Cypher. Abin da ya burge ni shi ne rubutun yana kama da zanen allo: (manomi)-[:YA_KAWO_WA]->(dillali). Malam ya bayyana mini dalilin saurinsa, wato kowane ƙulli yana riƙe da adireshin maƙwabtansa kai tsaye, saboda haka da zarar an gano ƙullin farko, sauran aikin bin zare ne, kuma nauyin tambayar ya dogara ne da yawan zaren da aka bi fiye da girman rumbun gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ ta yi amfani da Neo4j a 2016 wajen bin sawun kamfanoni da masu su a cikin takardun sirri miliyan 11.5 da aka fallasa, waɗanda ake kira takardun Panama, kuma a 2024 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da GQL a matsayin daidaitaccen harshen tambayar graf.

Ban yarda in zubar da jadawali gaba ɗaya ba, ko da yake zumuɗi ya so ya ja ni. Jimillar cinikin wata da bashin da ake bin kowane mai saye lissafi ne na tara lambobi a layi, kuma SQL ya ƙware a wannan. Tambayar wa ya haɗu da wa, ta hannun wa, ita ce ta dace da graf.

Da yamma na yi tuntuɓe na farko. Na mayar da ciniki zare, alhali zare kai biyu kawai yake da shi, shi kuwa lodi ɗaya na Kawu yana iya haɗa manoma uku da direba ɗaya da masu saye biyu. Sai da na yi kusan awa guda ina jujjuya zanen kafin na gane cewa lodin da kansa ya kamata ya zama ƙulli, ya ɗauki kwanan wata da lambar mota, sannan kowa ya ɗaure zarensa a jikinsa. Da na gyara, tambayar Kawu ta koma layi huɗu, kuma sunan manomin nan ya fito sau ɗaya.

Bayan isha'i na kira Kawu na shaida masa. Ya ce in zo rumfa da sassafe kafin motocin Bokkos su iso, kuma in taho da kwamfutar, domin akwai tsofaffin littattafai biyu a cikin akwatinsa da bai taɓa nuna mini ba.